Kafin Ka Buga Taswirar Unguwa, Taka Ta da Ƙafarka

Wani saurayi mai shagon buga takardu a Dogon Dutsi ya shimfiɗa mini wani ƙyalle mai tsawon mita 2 da aka dawo masa da shi. Mai wata sabuwar makaranta a bayan gari ne ya ce a sa masa taswira a ƙasan tallar, don iyaye su gane hanya. Saurayin ya buɗe Google Maps a salula, ya ɗauki hoton fuskar wayar, ya ja shi har ya cika ƙyallen. A waya tsaf yake. A kan ƙyalle kuwa tituna sun narke kamar an zubar da kunu, ko sunan babbar hanya ba ya karantuwa. Kuɗin tawada da na ƙyalle duk suka hau wuyansa.

Injinsa lafiya lau yake. Taswirar kwamfuta ce iri biyu. Akwai ta hoto, wadda aka jera da ƙananan ɗigo kamar ƙwayar gero a faifai: in ka faɗaɗa ta, ɗigon ne ke kumbura. Akwai kuma wadda masu sana'ar ke kira bekta, inda kowane titi zare ne mai zaman kansa. Kana iya kama shi ka ƙara masa kauri, ka sauya masa launi, ko ka cire shi ɗungurungum. Ko girman bangon masallacin Juma'a ka mai da ta, layin ba ya dusashewa. Wannan ita ce mai zane ke buƙata, kuma galibi sunan fayil ɗinta yakan ƙare da SVG, wani lokaci PDF.

Ina ake samunta? Shafuka da yawa na sayar da irin wannan taswira da dala, amma in ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, sau da yawa za ka tarar daga OpenStreetMap suka ɗebo. Ita kuwa kyauta ce. Wani Baturen Ingila, Steve Coast, ya assasa ta a 2004, kuma ƴan sa-kai ne ke zana ta a duk duniya, har da matasan Nijar. A shafinta kana iya zaɓar yankin da kake so ka sauke shi kai tsaye, sai dai sunayen kan zo a matsayin zane, ba ka iya goge harafi ka gyara. Wanda ke son aiki mai tsabta ya sa manhajar QGIS a kwamfutarsa, ya jawo tituna daban, gine-gine daban, tafkuna daban, sannan ya kai su Inkscape ya yi musu kwalliya. Duka biyun ba a biyan ko dala. Wani kamfanin Jamus mai suna Geofabrik ma yana ajiye bayanan Nijar gaba ɗaya a fayil guda, ana sabunta shi kullum. In manhajar ta tambaye ka tsarin awo, yankinmu yana cikin UTM 31 ta arewa. Da shi nisa ke fitowa da mita daidai.

To, ga inda gizo ke saƙa. Taswirar da ƴan sa-kai suka zana tana da kyau ne iyakar inda idonsu ya kai. Babbar hanyar kwalta ta RN1, wadda ta taho daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, tana nan ba makawa. Amma sabbin unguwannin gefen gari, inda bara gonar gero ce bana an yanka filaye an fara jera bulo, can ne ake yin ɓatan kai. Mai zanen yana zaune ne wataƙila a Yamai ko a Turai, yana kallon hoton tauraron ɗan'adam da aka ɗauka shekarun baya, kuma da rani. Daga sama, busasshiyar ƙoramar da ke gangarowa daga duwatsun da suka yi wa Dogon Dutsi ƙawanya fara fat take, shimfiɗaɗɗiya, sak hanyar mota. Sai a zana ta a matsayin titi. Duk ɗan ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ya san abin da wannan "titin" ke zama in ruwan Agusta ya sauka. Haka hanyar amalanke da ke ratsa gona: da rani hanya ce, da damina shuka ce.

Sai maganar suna. Garin da muke kira Dogon Dutsi, ko Dutsi kawai, a taswira Dogondoutchi yake, da rubutun Faransanci. Matankari, Kiéché, Dan-Kassari, Guéchémé, Koré Maïroua, Douméga, duk sai ka rubuta su yadda hukuma ke rubutawa kafin injin nema ya gane ka. Tarko mafi girma shi ne Tibiri. Akwai Tibiri ta jihar Dosso, wadda aka ɓalle daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011, akwai kuma Tibirin Gobir da ke dab da Maraɗi, ɗaruruwan kilomita a gabas. Wanda ya sauke taswira cikin gaggawa yana iya buga wa mutanen Arewa titunan Gobirawa. Dubi maƙwabtan garin tukuna: in ka ga Maraɗi a gefe, ka yi kuskuren gida.

Ta fuskar haƙƙi kuma, ƙa'idojin Google ba su yarda ka kwafe titunansu ka mai da su taswirarka ba. OpenStreetMap ta yarda, har ka sayar da aikin, da sharaɗin ka rubuta a gefe cewa daga masu zana OpenStreetMap bayanan suka fito. Layi ɗaya ne, ba ya cin wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne fili. Yanzu da kowa ke iya jan layi a kwamfuta, ɗan damfara na iya ɗaukar taswirar bayan gari, ya yanka ta gida-gida, ya sa lambobi, ya buga da launi, ya nuna wa ɗan ci-rani a WhatsApp. Sauƙin gyaran da ya sa bekta ta yi wa mai zane daɗi, shi ne ya sa ba ta zama hujja. Takardar fili daga ma'aikatar magajin gari take fitowa. Ta gona kuma tana bi ta kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Taswirar hukuma tana hannun cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai. Kada kyan takarda ya sa ka zare kuɗi. Kuma a wannan zamani na rashin tsaro, mai zagayen duba tituna ya fara gaida mai unguwa ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, ya nisanci barikin soja da shingen jandarma da kyamararsa.

Saurayin nan ya sake aikin. Ya buga taswirar a farar takarda, ya hau kabu-kabu da biro a hannu, ya bi hanyar makarantar tun daga tasha. Ya soke tituna biyu da babu su, ya ƙara famfon unguwa da wata bishiyar gawo da kowa ke kwatance da ita. Sunan unguwar ma ya rubuta shi yadda mazaunanta ke faɗa, bayan ya sha wahalar neman salon rubutun da ke da ƙ da ɗ.