Gwamnati guda ga duniya duka: abin da ya raba kan Kiristoci

Ranar 13 ga watan Disamba na 2021, lokacin da Nijar ke riƙe da shugabancin Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya, ita da ƙasar Ireland sun gabatar da wani ƙuduri da ke alaƙanta sauyin yanayi da matsalar tsaro. Ƙasashe 12 cikin 15 sun amince, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha kuma ta hau kujerar naƙi. Nan take maganar ta mutu.

Irin wannan ne ke sa wasu ke cewa duniya na buƙatar hukuma guda mai haƙora, wadda in ta yanke hukunci zai zauna, babba da ƙarami kowa ya bi. Wasu kuma da sun ji wannan zance sai gabansu ya faɗi. A cikin Kiristoci muhawarar ta daɗe, kuma kowane ɓangare da Littafi Mai Tsarki a hannu yake kawo hujjarsa. Kiristocin Nijar, duk da ƙarancinsu, suna da dangantaka da ɓangarorin biyu: akwai Katolika masu mazaunin bishop a Yamai da Maradi, akwai kuma majami'un masu bishara da suka samo asali daga mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924 ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950.

Waɗanda suka fi tsoron gwamnatin duniya su ne wani sashe na masu bishara, musamman na Amurka. Suna farawa da labarin hasumiyar Babila a littafin Farawa, sura ta 11, inda mutane masu harshe ɗaya suka haɗa kai don su yi gini har sama su yi wa kansu suna, Allah kuma ya rikita harshensu ya warwatsa su. A wurinsu, rarrabuwar al'ummai birki ce da Allah ya sa wa girman kan ɗan Adam. Daga nan sai su tsallaka zuwa littafin ƙarshe, Wahayin Yahaya, sura ta 13, da ke maganar wata dabba da aka ba iko a kan kowace kabila da harshe, har ba mai saye ko sayarwa sai mai ɗauke da alamarta. Nan ne lambar nan 666 ta fito. Wannan mai mulki suna kiransa magabcin Almasihu, kuma Musulmin da ya ji bayaninsa zai tuna da Dujal.

Fassarar da ke ɗaukar waɗannan ayoyi a matsayin taswirar siyasar gobe ba ta kai shekara 200 da yaɗuwa ba. Wani mai wa'azi, John Nelson Darby, ya tsara ta a ƙarni na 19, sannan Baibul mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909 ya kai ta gida-gida. A 1970 Hal Lindsey ya fitar da wani littafi da aka sayar da miliyoyinsa, inda ya ce ƙahoni goma na dabbar su ne ƙasashe goma na kasuwar tarayyar Turai. Da Girka ta shiga a 1981 suka cika goma cif, masu wannan ra'ayi suka ce ga ta nan ta tabbata. Yau ƙasashen Tarayyar Turai 27 ne, lissafin bai ƙara dawowa daidai ba. Hakan bai kashe kasuwar ba: a jerin littattafan almara na Left Behind da aka fara a 1995, magabcin Almasihu ɗan siyasa ne na Romaniya da ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga wannan rijiya ake ɗebo jita-jitar da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da aka zo da sabon katin shaida mai zanen yatsa ko allurar rigakafi, kamar yadda aka gani a zamanin korona.

Malaman Baibul da dama, Katolika da Furotesta, ba su karanta surar haka. Suna cewa an rubuta ta ne ga Kiristocin ƙarni na farko da ke shan azaba a hannun daular Rum, kuma 666 lissafin haruffan sunan sarki Nero ne. Amma ko a wannan fassara gargaɗin bai gushe ba, don abin da ake nunawa shi ne mulkin da ya kai matsayin neman a bauta masa.

A ɗaya gefen akwai fadar Vatican. A watan Oktoba na 1962 Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kusa jefa wa juna makaman ƙare-dangi saboda rikicin Kuba. Watanni shida bayan haka, Fafaroma Yohanna na 23 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Pacem in Terris. Hujjarsa mai sauƙi ce: akwai matsalolin da suka fi ƙarfin kowace ƙasa ita kaɗai, don haka ana buƙatar hukuma mai faɗin matsalar. Manomin da ya taɓa ganin fara ta taso daga wata ƙasa ta cinye masa hatsi ba ya buƙatar dogon bayani a nan, haka uwar da ta san sanƙarau da shan-inna ba su tsayawa a shingen duwan. Cutar agana ma sai da duniya ta haɗa hannu kafin a shelanta ƙarewarta a 1980. Fafaroma Benedict na 16 ya maimaita kiran a 2009, bayan durƙushewar bankunan duniya, Fafaroma Francis kuma ya sake ɗauko shi a 2015 a kan batun muhalli.

Sai dai masu yaɗa cewa Fafaroma na son sarki guda a duniya suna tsallake sharuɗɗan. Yohanna na 23 ya ce dole a kafa hukumar da yardar al'ummai, ba da ƙarfin bindiga ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da cocin ya rubuta tun 1931, wadda ke cewa abin da iyali ko gari ko ƙasa za su iya yi da kansu, ba daidai ba ne na sama ya ƙwace musu shi. Rikicin gona da mai gari zai iya kashewa ba a kai shi gaban gwamna. Benedict da kansa ya yi kashedin cewa in aka bar wannan ƙa'ida, abin da za a haifa shi ne mulkin kama-karya mai faɗin duniya. In an duba da kyau, abin da Vatican ke nema ya fi kama da gyaran Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da ƙasashen Afirka ma ke nema tun 2005 da suka buƙaci kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Tsaro, har yau shiru.

Maganar da ta fi nauyi a wannan muhawara ta fito ne daga wani ɗan Afirka. Augustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta babban littafinsa bayan an wawashe birnin Rum a shekara ta 410. Ya san daular da ta kusa zama gwamnatin duniya, a cikinta aka haife shi. Ra'ayinsa shi ne da mutane masu adalci ne, da ƙananan masarautu masu yawa za a samu suna zaman lafiya da juna, kamar gidaje a cikin gari. Ya kuma kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka kama aka kai gaban Iskandar mai girma. Da sarkin ya tuhume shi, sai ya amsa cewa sana'arsu ɗaya: shi da yake yi da ƙaramin jirgi ana ce masa ɓarawo, mai tarin jirage kuma ana ce masa sarki. Tushen wannan tunani shi ne aƙidar Kirista cewa zunubi ya taɓa kowane mutum, har da wanda za a ɗora a kan kujerar. A 1949 malamin tauhidi Reinhold Niebuhr na Amurka ya ƙara wata hujja, cewa tsarin mulki a takarda ba ya ƙirƙiro al'umma; sai mutane sun fara jin su ɗaya ne kafin su yarda da hukuma ɗaya.

Daga nan tambayar da ta fi wuya ke fitowa: in gwamnati guda ce a duniya kuma ta zama azzaluma, ina za a gudu? Linjilar Matiyu ta ba da labarin yadda Yusufu da Maryamu suka tsere da jariri Isa zuwa Masar, inda hannun sarki Hirudus ba ya kaiwa. Mutanen kudancin Nijar sun san amfanin wannan ƙofa. A zamanin aikin tilas na Faransa iyalai da dama sun tsallaka kudu, tun daga 2019 kuma dubban mutanen Sokoto da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maradi suna gudun ƴan bindiga.

Sun kuma ɗanɗana abin da hukumar da ke sama da ƙasa ke iya yi in ta fusata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, magani da abinci suka yi tsada, kuma talakan da ba a shawarta ba shi ya ɗauki kayan. A watan Agusta na shekarar, bishop-bishop ɗin Katolika na Afirka ta Yamma, ƴan cocin da ya fi kowa kiran a ƙarfafa hukumomin ƙasa da ƙasa, sun fito sun nemi kada a yi amfani da ƙarfin soja a kan Nijar.