Ƙurjin huhu, ciwon da ke farawa daga baki

A ƙasar Adar, idan tari ya daɗe wa mutum, ya rame, yana kwana cikin zufa, abu biyu ake fara kawowa: ko tarin fuka, ko sanyin hunturu ya shige shi. Idan kuma kakin da yake tofarwa ya soma ɗoyi har iyalinsa na kau da kai, sai zance ya koma kan sammu. Alhali akwai wani ciwo mai irin wannan kama da ba a cika ambatonsa ba a Badagishiri ko Illela, wato ƙurjin huhu. Wani yanki na huhu ne ke ruɓewa ya zama rami, mugunya ta taru a ciki.

Mafarinsa galibi bakin mutum ne. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ƙwayoyin cuta masu rayuwa inda iska ba ta kaiwa, kuma suna yawaita a bakin da haƙoransa suka ruɓe ko dasashinsa ke jini. Tun a shekarun 1920 wani likita Ba'amurke, David Smith, ya nuna cewa ƙwayoyin da ake samu a bangon ƙurjin huhu irin na dasashi ne. Mai lafiya idan yawu ko abinci ya bi masa hanyar numfashi, ƙwarewa zai yi, ya yi ta tari har abin ya fito. Wanda hankalinsa ya gushe ba shi da wannan garkuwa: mai farfaɗiya, wanda giya ko ƙwaya ta kayar, wanda ya suma a hatsarin babur, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta lalata wa haɗiya. Sai yawu ko amai ya gangara cikin huhu, ya fi yawan faɗawa na dama domin bututunsa ya fi faɗi da miƙewa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu wurin ya ruɓe.

Nan ne nake ganin muna da hannu, ko da yake da kyakkyawar niyya. Mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwar Badagishiri, yana kumfa, idanu sun juye. Wani ya ɗago kansa, wani ya cusa cokali tsakanin haƙora, wata ta taho da moɗar ruwa ko rubutu tana zuba masa a baki. Duk abin da aka zuba a lokacin, wani kaso na iya tafiya huhu. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi a gefensa, a kau da abin da zai ji masa rauni, kada a ba shi ko ɗigon ruwa sai ya farfaɗo sarai. Haka ɗura: uwa ta matse yaro a cinya, ta tara koko a tafin hannu, ta toshe masa hanci, yana kuka yana shaƙa. Ƙwayar gyaɗa ɗaya ma idan ta maƙale a bututun huhun yaro tana iya haifar da ƙurji a bayanta.

Akwai wasu hanyoyin, kamar ciwon haƙarƙari mai tsanani bayan ƙyanda, ko ƙurjin hanta da ya fashe ya haura ƙirji. Masu ciwon sukari da masu sida sun fi saurin kamuwa.

Ciwon ba ya zuwa da gaggawa. Zazzaɓi ne na makonni, kasala, rashin cin abinci, ciwon ƙirji, sai wata rana majinyaci ya tofar da kaki mai yawa, kore ko ruwan ƙasa, wani sa'i da jini. Ɗoyin da yake jin kunyarsa har yana ɓoye gwangwanin da yake tofawa, shi ne babbar shaidar da likita ke nema, don haka a faɗa masa. Sai dai rashin wari bai kore ciwon ba, majinyata da dama ba sa yin sa.

Tun da ya yi kama da tarin fuka, duk tarin da ya wuce mako 2 sai an kai kaki an auna. Amfanin wannan awo babba ne: tarin fuka yana yaɗuwa, maganinsa na wata 6 ne, gwamnati ke bayarwa kyauta, shi kuwa ƙurjin da ya samo asali daga baki ba a ɗaukarsa daga wani, maganinsa ma daban. Daga nan sai hoton ƙirji, irin wanda ake ɗauka a babban asibitin Tawa ko asibitin Galmi da ke yankin Malbaza, wanda ke aiki tun 1950. A hoton, ƙurjin kan fito kamar ƙwaryar da aka zuba wa ruwa rabi: mugunya a ƙasa, iska a sama, layi a miƙe tsakaninsu. Idan majinyacin tsoho ne da ba shi da haƙori ko ɗaya, ko wanda ya daɗe yana shan taba, likita zai ƙara bincike, domin cutar kansa na iya toshe bututu ta jawo ƙurji.

Kafin zuwan fanisilin a shekarun 1940, kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo mutuwa suke yi. Yau 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai, ba tare da wuƙa ba. Likitoci kan ba da haɗin amoksisilin da kilabulanik, ko kilindamaisin, a fara da allura sannan a koma ƙwaya. Flagyl shi kaɗai, wanda masu tallar magani a tire ke miƙa wa kowa, ba ya wadatarwa.

Inda ake faɗuwa shi ne tsawon lokaci. Zazzaɓi kan sauka cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, wari ya ragu, mutum ya fara cin tuwo. Sai ya duba kuɗin magani da kuɗin mota, ga gona na jira, ya ce ya warke. Ramin kuwa yana nan. Maganin na ɗaukar mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kuma hoto na biyu ne zai nuna ko ramin ya rufe. Wanda ya tsaya a rabi, ƙurjin na iya fashewa cikin ƙirji mugunya ta kewaye huhu, ko ya ci jijiya mutum ya yi tarin jini. Irin waɗannan, da masu ƙurjin da faɗinsa ya haura santimita 6, su ne ake sa wa robar zuƙe mugunya ta tsakanin haƙarƙari, kaɗan daga cikinsu kuma a yanke ɓangaren huhun da ya lalace.

Bayan an sallami mutum, saura abin da ya kawo shi. Ruɓaɓɓen haƙori a kai shi a cire ko a cike, a riƙe aswaki ko buroshi safe da dare, mai farfaɗiya kuma a ɗora shi kan maganin da zai riƙa sha kullum, don muddin yana faɗuwa, huhun na iya sake kamuwa.