Lakar Gindin Kwata: A Gwada Kafin A Yashe

Kai makiyayi da ke sauke shanu a kudu, da kai Alhaji mai lodin albasa daga Galmi zuwa Accra, wadda mutanen zango ke kira Ankara, shirin wannan mako naku ne.

Duk wanda ya taɓa sauka a Maamobi ya san babbar kwatar nan da ta ratsa Nima. Ruwanta yana gangarawa ya haɗu da kogin Odaw wajen shataletalen Kwame Nkrumah, ya wuce ta Agbogbloshie, ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Idan ka leƙa, leda da shara za ka gani. To, wannan mai sauƙi ne. Abin tsoron yana ƙasa, cikin baƙar lakar da ta kwanta shekara da shekaru.

Ga yadda abin yake. Dalma daga tsohon batirin mota, da tagulla, da baƙin man gareji, da tokar wayoyin da ake ƙonawa, idan suka shiga ruwa sai su manne wa ƙwayoyin laka su nutse. Ruwa ya wuce, guba ta zauna. Shi ya sa za a iya gwada ruwan sama-sama a ce da sauƙi, alhali gindinsa ya lalace.

Yashewa kuwa dole ce. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da shataletalen nan, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Toshewar magudanai na cikin abin da ya jawo. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID, wanda ya haɗa da yashe Odaw da gyara magudanai. Sai dai lakar da aka kwaso aka jibge a bakin ruwa, idan ta bushe ta zama ƙura, iska ta kai ta kan tiren mai abinci. Idan an yi ruwa ta koma inda ta fito. Ciyawa ta tsiro a kanta kore shar, dabba ta ci. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Saboda haka akwai tambayoyi huɗu da ya kamata bincike ya amsa kafin mota ta fara kwasa.

Ta farko: me ke cikin lakar, kuma a ina? Ana soka bututu a zaro laka tun daga sama har ƙasa, a wurare da yawa, rani da damina, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Lakar Maamobi, inda sharar gida da najasa suka fi yawa, da ta Agbogbloshie, inda aka daɗe ana ƙona kayan lantarki, ba magani ɗaya za a yi musu ba.

Ta biyu: daga ina gubar take shigowa? Ruwa ba ya tsami banza. Idan ba a toshe bakin da take zubowa ba, bana a yashe, baɗi ta dawo.

Ta uku, wadda ta fi shafar ku: ta wace hanya take isa cikin mutum? A nan sai a gwada nono, da hanta da ƙodar dabba, da ganyen lambun bakin kwata, da kifi. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, suka tarar ƙwai ɗaya na ɗauke da gubar dayokzin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana. An rushe wurin a Yulin 2021, 'yan albasa suka koma Adjen Kotoku, amma rushe rumfa ba ya wanke ƙasa.

Ta huɗu: ina za a kai lakar? Mai guba tana buƙatar rami da aka shimfiɗe gindinsa, a binne a rufe, nesa da rijiya da makiyaya. Mutanen Zamfara sun ga wannan. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne, aka zuba sabuwa, sannan maganin da ake ba yara ya yi amfani.

To, kafin masu bincike su gama nasu, ga naka. Kada ka bar dabba ta yi kiwo ko ta sha ruwa inda aka jibge lakar kwata, komai kyan ciyawar. Idan saniya ta fara dalala, tana cizon haƙora, tana tangaɗi kamar ba ta gani, nemi likitan dabbobi, kada ka yi saurin yankawa ka sayar. Kada ka sayi baƙar ƙasar kwata da sunan taki. Kada ka shanya albasa ko hatsi a gefenta. Kuma ka sani, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma.

Idan kuka ga an zo yashe kwata a unguwarku, ku je wurin sarkin zango ko ɗan majalisar unguwa ku tambaya: an gwada lakar nan? Ina za a zubar da ita? Haƙƙinku ne ku ji amsa.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa.