Ƙudujin Ƙaguwa: Yadda Za Ka Gane Shi da Irin Ƙaguwar da Yake Kamawa

Gabatarwa

Ya kai malamin gona, da kai masunci, ƙaguwa abinci ce kuma hanyar samun kuɗi ce ga mazauna gaɓar teku, tun daga Badagiri da Legas har zuwa yankin Neja Delta. Wadda aka fi kamawa a waɗannan ruwaye ita ce mai suna Callinectes amnicola a kimiyyance. Akwai wata halittar teku mai rayuwa a cikin jikin ƙaguwa tana shanye abincinta. Masana na kiran danginta Rhizocephala, kuma an san fiye da iri 250. A wannan jagora za mu kira ta ƙudujin ƙaguwa, domin aikinta ya yi kama da na ƙudujin da ka sani a gona: sai ya gama ɓarna a ɓoye sannan ya fito fili.

Yadda yake shiga da ɓarnar da yake yi

'Ya'yansa ƙanana ne ƙwarai, suna yawo a ruwan gishiri. Macen cikinsu takan manne wa ƙaguwa, ta huda wuri mai laushi, ta zuba wani ɗan sashe na jikinta a ciki. Daga nan saiwoyi suke yaɗuwa cikin jikin ƙaguwar. Bayan wani lokaci sai wata 'yar jaka ta ɓullo a ƙarƙashin marfin cikinta, daidai inda mace ke ɗaukar ƙwai. A cikin jakar ne ƙudujin ke hayayyafa.

Ƙaguwar da ta kamu ba ta haihuwa. Galibi takan daina saɓa, don haka ba ta ƙara girma, ba ta kuma daraja a kasuwa. Idan namiji ne, marfin cikinsa yakan yi faɗi kamar na mace, ya riƙa renon jakar tamkar ƙwansa.

Yadda za ka gane shi

Kifa ƙaguwar, ka ɗaga marfin cikinta a hankali, ka duba waɗannan abubuwa:

1. Ƙwan ƙaguwa na gaskiya tsaba-tsaba ne, dunƙule kamar soso, manne da gashin marfin. Yakan fara da ruwan lemo, ya yi duhu idan ya kusa ƙyanƙyashewa.

2. Jakar ƙuduji sumul take, ba tsaba a bayanta. Ɗan gajeren wuya ɗaya ne ya haɗa ta da jikin ƙaguwar, kuma tana da 'yar ƙofa guda.

3. Duk namijin da ka gani da abu mai kama da ƙwai, ka zarge shi, domin namiji ba ya ɗaukar ƙwai.

4. Kada ka rikita shi da 'yan uwansa masu farin ɓawo da ke mannewa a bayan ƙaguwa ko a gaɓoɓin numfashinta. Su mazauni kawai suka samu, kuma sukan tafi tare da tsohon ɓawo idan ta yi saɓa.

Kowane iri da ƙaguwarsa

Ka san ƙudujin da ke cin dawa da gero daban yake da wanda ke cin wake. Haka abin yake a nan. Sacculina carcini ya fi kama ƙaguwar gaɓar tekun Turai mai suna Carcinus maenas, da wasu danginta. Loxothylacus texanus kuwa yana kama ƙaguwoyin dangin Callinectes a Tekun Meziko. Saboda jakunkunan sun yi kama da juna, sanin sunan ƙaguwar shi ne matakin farko na gane ƙudujin. Tabbatarwa kuma sai a ɗakin bincike.

Amma kada ka saki jiki da wannan iyaka. A 1964 aka fara ganin Loxothylacus panopaei a mashigin ruwan Cesafik na Amurka, kuma masana na danganta zuwansa da kawar da aka kwaso daga Tekun Meziko tare da ƙananan ƙaguwoyi masu ɗauke da shi. Haka nan, a wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2005, Sacculina carcini ya shiga jikin ƙaguwoyin Kalifoniya, waɗanda ba nasa ba ne. Bai iya fitar da jaka a jikinsu ba, amma ya kashe waɗanda ya kama.

Abin da ya kamata ka yi

1. Kada ka mayar da ƙaguwa mai jaka cikin ruwa da zaton ƙwai ne, domin iri kake yaɗawa.

2. Mai ƙwai na gaskiya kuwa ka sake ta ta hayayyafa.

3. Yanke jakar ba magani ba ne, tunda saiwoyin suna ciki.

4. Kada ka ɗauki ƙaguwa ko kawa masu rai daga wani ruwa zuwa wani ba tare da an duba su ba.

5. Malamin gona ya adana ƙaguwar gaba ɗaya tare da jakarta cikin alkohol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ya rubuta wuri da rana da adadin da aka duba, sannan ya aika ga Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas.

Rigakafi dai ya fi magani.