Yaro Ya San Kalmomi, Amma Jimla Ta Kuɓuce Masa

A rubuta wa ɗan aji uku na firamare jimloli biyu a allo: "Ladi ce ta kira Kande" da "Ladi ce Kande ta kira." Kalmomi biyar ne a kowacce, su ɗin ne dai, babu wadda yaron bai sani ba. Sai a tambaye shi: a jimla ta biyu, wa ya yi kiran? Da a bakin uwarsa ya ji maganar, da ba zai yi kuskure ba, domin murya za ta nuna masa hanya. Amma yaron da ke bin rubutu kalma-kalma da yatsa, wanda ya saba ɗaukar sunan farko a matsayin mai aikin, yana iya cewa Ladi. Ya haɗa baƙi daidai, ya faɗi fahimta.

A shekarar 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun ba da ƙarfi wajen koyar da sautin baƙi da wasali da haɗa gaɓa cikin Hausa, kuma daidai ne, don babu karatu sai da wannan. Sai dai rabin aikin ke nan.

Tun a 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu tana samuwa ne idan aka ninka iya furta rubutu da iya fahimtar harshe. In ɗaya sifili ne, sakamako sifili ne. A 2001 Hollis Scarborough ta kwatanta karatu da igiyar da aka tufka daga zaruruwa da yawa, kuma ginin jimla na cikin zaruruwan. Shi ne kuwa zaren da malamai suka fi mantawa, saboda ana zaton duk yaron da ya iya magana ya gama sanin ginin jimlar harshensa.

Bai gama ba. Carol Chomsky ta nuna haka a Amurka a 1969, a binciken da ta yi da yara 'yan shekara biyar zuwa goma. Ta ɗaure wa 'yar tsana ido, ta tambaye su da Ingilishi ko tana da sauƙin gani ko wuyar gani. Ƙananan cikinsu da dama suka ce wuyar gani, domin sun ɗauka 'yar tsanar ce mai yin ganin. Kalmomin ba su ba su wahala ba. Tsarin ne ya yaudare su.

Hausa tana da nata tarkon, kuma rubutun boko ya ƙara ɓoye shi, tunda ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Dubi waɗannan: "Da Audu ya zo, sai muka tafi" da "Da Audu ya zo, da mun tafi." A ta farko Audu ya zo, an kuma tafi. A ta biyu bai zo ba, kuma babu wanda ya tafi, alhali babu kalmar korewa ko ɗaya a jimlar. Rabin farko iri ɗaya ne a takarda. Dole mai karatu ya riƙe shi a ka har ya isa rabin ƙarshe kafin ya san abin da ya faru. Haka nan "ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe sukan yi nisa da juna: "Ba don ruwan sama ya yi yawa a bana ba ne gonar ta lalace." Yaron da ya tsinci "ruwa" da "yawa" da "lalace" zai ba da amsar da ta saɓa wa marubucin gaba ɗaya. Ga kuma wakilin suna: "Binta ta gaya wa Talatu cewa mijinta ya dawo." Mijin wa? Sai jimlolin da ke kewaye za su faɗa, in an koya wa yaro ya waiwaya.

Abin yakan ƙara tsananta a aji huɗu, inda aka daɗe ana komawa koyarwa da Ingilishi. Littattafan kimiyya na Ingilishi cike suke da jimlar da ke fara ambaton wanda aka yi wa aiki, ta ajiye mai aikin a ƙarshe, ginin da Hausa ba ta da irinsa sak.

Wani zai ce ai ana koyar da nahawu. Ana koyarwa, amma ta hanyar hadda: suna, aikatau, sifa, bayanau, a ja layi a ƙarƙashi, a ci maki. Darasin auna fahimta kuma ya zama farautar kalma: yaro ya nemi layin da ya yi kama da tambaya ya kwafe. Littafin nahawun Hausa na M.K.M. Galadanci na 1976 guzuri ne na malami, domin ya gane inda jimla ke da sarƙaƙiya. Ɗan shekara takwas ba sunayen rukunan kalmomi yake buƙata ba tukuna. Buƙatarsa ya iya amsa: wa ya yi me, ga wa, yaushe, don me?

Hanyar ba ta cin kuɗi. Malami ya zaɓi jimla ɗaya mai tsawo daga labarin ranar, ya sa yara su warware ta zuwa gajeru, sannan su sake haɗa ta. Ya sauya wa kalma ɗaya wuri, ya tambaya ko ma'ana ta sauya. Judith Hochman da Natalie Wexler sun yaɗa wata dabara a littafinsu na 2017: a ba yara farkon jimla su ƙarasa ta sau uku, da "saboda", da "amma", da "don haka". Wanda ya iya ƙarasa "Manomi ya sayar da sansa" ta waɗannan hanyoyi uku zai gane mahaɗan idan ya gamu da su a littafi.

Kwalejojin ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) su sa wannan cikin horon malaman firamare. Kai kuma malam, kafin su yi, ware minti goma na darasin karatun gobe ka ba jimla ɗaya tak.