Zapfino

Zapfino salon haruffa ne na kwamfuta da aka tsara domin ya yi kama da rubutun ado irin wanda gwani ke yi da alƙalami. Hermann Zapf (1918–2015), Bajamushe masanin zanen haruffa wanda ya ƙirƙiro Palatino da Optima, shi ne ya tsara shi, kuma kamfanin Linotype ya fitar da shi a shekarar 1998. An san Zapfino da siraran haruffa masu karkata zuwa dama da dogayen jeloli masu lanƙwasa.

Tarihi

Asalin Zapfino wasu haruffa ne da Zapf ya rubuta da hannu a 1944, lokacin da yake aikin zanen taswira a rundunar sojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani maɗaba'u na aiki ne da haruffan dalma, kowane harafi a kan ɗan guntun ƙarfensa. Jelar da ta zarce gefen guntun tana saurin karyewa, don haka buga irin wannan rubutu yana da wuya ƙwarai.

A 1993, David Siegel, wani Ba'amurke mai zane, ya kawo wa Zapf shawarar yin salon da kowane harafi zai samu siffofi da yawa. Gino Lee ya yi aikin mayar da zanen zuwa kwamfuta. Aikin ya tsaya na wani lokaci, daga baya Zapf ya kai shi Linotype aka kammala. A 2003 aka fitar da Zapfino Extra, wanda Zapf ya sake gyarawa tare da Akira Kobayashi a kan tsarin OpenType.

Siffofi

Mai rubutu da hannu ba ya maimaita harafi iri ɗaya sak, amma a salon haruffa na yau da kullum kowane "a" daidai yake da ɗan'uwansa. Domin kauce wa hakan, an raba Zapfino zuwa jerin abajada huɗu, tare da haɗaɗɗun haruffa da kayan ƙawa. Manhajar da ta dace tana duba haruffan da ke maƙwabtaka da harafi, sannan ta zaɓi siffar da za ta zauna a wurin. Kamfanin Apple ya saka Zapfino cikin Mac OS X, kuma a can idan aka rubuta kalmar "Zapfino" takan rikiɗe ta zama zane guda a haɗe.

Amfani wajen zane

Masu zane na amfani da Zapfino a katin gayyatar biki, takardar shaida, bangon littafi, tambari da fakitin kaya, inda kalmomin ba su da yawa kuma ana son nuna alfarma. Bai dace da dogon rubutu ba, saboda ƙananan haruffansa gajeru ne idan aka kwatanta da jelolinsu, kuma siraran layukansa kan ɓace idan aka ƙanƙanta shi. Yana buƙatar tazara mai faɗi tsakanin layuka, in ba haka ba jelolin sama da na ƙasa su sarƙe. Rubuta kalma gaba ɗaya da manyan haruffansa ma yana wahalar da karatu. Saboda haka akan ware shi ga suna ko take, a rubuta kwanan wata, adireshi da sauran bayanai da salo mai sauƙin karantawa.