Hanyar Auna Ƙarin Ƙarfi a Na'urar Haɓaka Sigina Mai Ƙarancin Hayaniya

1.0 Gabatarwa

A Gude da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, kwanon tauraron ɗan'adam ya zama ruwan dare, musamman tun kafuwar tashar Arewa24 a 2014. Siginar da kwanon ke tattarawa kan taso ne daga nisan kilomita 35,786 a sama da tsakiyar duniya, saboda haka takan iso a raunane ƙwarai. Na'urar da ke bakin kwanon, wadda masu gyara ke kira LNB, ita ke fara ƙara mata ƙarfi. Manufarmu a wannan takarda ita ce bayyana yadda ake auna wannan ƙari.

2.0 Dalilin Awo

Tun a 1944 Harald Friis ya nuna cewa idan matakin farko na haɓakawa yana da isasshen ƙari, hayaniyar matakan da ke biye ba ta yin tasiri sosai. Ke nan raunin wannan mataki rauni ne ga dukkan na'ura. Ana lissafin ƙarin da desibel: desibel 10 ninki goma ne, desibel 20 kuwa ninki ɗari.

3.0 Matakan Awo

Muna bukatar injin samar da sigina, da na'urar tantance ƙarfinta, da wayoyin haɗi. Da farko mukan auna asarar da wayoyin kansu ke jawowa. Sa'an nan mu sanya na'urar a tsakani, mu shigar da sigina mai rauni, mu karanta abin da ya fito. Alal misali, idan bambancin shiga da fita desibel 52 ne, asarar wayoyi kuma 3, to ƙarin gaskiya 55 ne.

Akwai abubuwa biyu na lura. Na ɗaya, sigina mai ƙarfi kan cika na'urar, sai awon ya nuna ƙasa da gaskiya. Na biyu, LNB kan sami wutar bolt 13 ko 18 ta cikin wayar da sigina ke bi. Wajibi ne a tare wannan wuta, don kada ta ƙona na'urar awo.

4.0 Kammalawa

Sau da yawa mai gida kan sayi sabuwar LNB alhali laifin na wayar da ruwan damina ya shiga ne. A ganinmu, ya kamata makarantun koyon sana'a su koyar da wannan awo, domin a raba mai gyara da aikin kirdado.